Yadda Ake Tara Tsofaffin Littattafan Wasan Kwaikwayo da Takardun Wasan Daɓe

Littattafan wasan kwaikwayo na Hausa yawancinsu sirara ne, bango mai laushi, an ɗinke tsakiyarsu da 'yan ƙarafa biyu. Shi ya sa su ne kan fara ɓacewa a gida. Yaro ya tafi da shi makaranta, bango ya cire, shafin da ke ɗauke da sunayen 'yan wasa ya bi shi, sauran ya ƙare a hannun mai ƙosai. Wannan fa wanda aka buga kwafi masu yawa ke nan. Ina kuma ga takardar da aka buga da tafireta don 'yan ƙungiya goma su yi gwaji, ko katin gayyatar wasan da aka yi dare ɗaya tak a ɗakin taron wata kwalejin horon malamai? Irin waɗannan in sun tafi, sun tafi ke nan. Mai son tara su yana da aiki a gabansa, kuma rabin aikin ba a kasuwa yake ba, yana zaurukan dattawan da suka yi wasan.

Da farko ka yanke abin da kake nema

Wanda ya ce zai tara komai, ƙarshenta ɗakinsa ya cika da tarkace, aljihunsa ya huje. Zaɓi fage guda ka tsaya a kai: ko wasannin da aka buga a Zariya kafin 1980, ko takardun wasannin rediyo da talabijin, ko duk abin da ya shafi ƙungiyoyin wasa na garinku, ko wasannin makarantun sakandare. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki garinsu. A nan ya san mutane, an san iyayensa, ƙofar da ba za ta buɗe wa baƙo ba za ta buɗe masa. Littattafan da aka buga kuma sai ya riƙa tsintarsu a hankali duk inda ya ci karo da su.

Ka san sunayen kafin ka shiga kasuwa

Sayi ƙaramin littafin rubutu ka jera abin da kake nema, ya riƙa kwana a aljihunka. Daga cikin waɗanda ya kamata su hau jerin akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, na 1949. Malam Inkuntum na Dogondaji. Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, na 1959 da 1960, waɗanda asalinsu wasannin rediyo ne kafin su zama littafi. Uwar Gulma na Muhammad Sada. Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano. Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979. Da kuma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Can baya kuma akwai ɗan littafin wasanni shida na R. M. East na shekarun 1930, wanda samun tsohon bugunsa a kasuwa sai mai babban rabo.

Sanin masu bugawa ya kusa fin sanin marubutan amfani, domin shi ne zai gaya maka shekarun abin da ke hannunka. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Hukumar NORLA, mai kula da wallafa littattafai a Jihar Arewa, ta yi aikinta a shekarun 1950, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC na buga littattafai ya zo a 1966, ya gaji littattafan da suka gabace shi, ya yi ta sake buga su. Saboda haka in ka ga wasan da aka rubuta a shekarun 1950 da tambarin NNPC a bangonsa, ka san ba bugun farko ba ne, ko mai sayarwa ya rantse. Ba laifi ba ne ka saye shi, sai dai kada ka biya kuɗin da ba nasa ba.

Inda ake tsintar su

Masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa su ne abokan tafiyarka: na Sabon Gari da wajen Bata a Kano, na Samaru da Sabon Garin Zariya, na babbar kasuwar Kaduna, na Taminus a Jos, da waɗanda ke kasa kaya a bakin ƙofofin jami'o'i da kwalejojin ilimi. Abin da ke saman tabarma littattafan jarrabawa ne, su ke kawo musu kuɗin cefane. Abin da kake nema yana cikin buhu ko kwalin da ba a kwance ba. Ka gaisa, ka zauna, ka sayi wani abu ko da ƙarami ne, sannan ka ce, "Malam, ko akwai tsofaffin na Hausa waɗanda ba a cika tambaya ba?" Ka bar masa lambar wayarka da sunaye biyar zuwa shida a rubuce. In ya kira ka, ka je, ko abin da ya samu bai burge ka ba, don in ka ƙi zuwa sau biyu ya daina kira.

Lokaci ma yana da tasiri. Ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke kwashe kaya daga ɗakunan kwana, da lokacin da wata makaranta ke gyaran ɗakin ajiya, nan ne takardu ke fitowa. Kada ka raina masu sayen tsofaffin takardu a kan sikeli suna sayar wa masu tsire da masu gyaɗa. Wajensu ne fayil ɗin ƙungiya guda kan faɗo gaba ɗaya, kuma a kuɗin takardar ƙunshi za ka saye shi.

Wajen ciniki, haɗa littattafai huɗu ko biyar ka taya su a dunƙule. Amma kada ka danne mutum don bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Ran da ya gane, ka rasa shi, kuma zai gaya wa na kusa da shi.

Duba kafin ka biya

Ƙirga shafuka tun daga farko har ƙarshe. Littafin wasa yana da wurare biyu da ya fi rauni: ganyen farko mai sunayen 'yan wasa da shekarar bugu, da ganyen tsakiya wanda ƙarfen ɗinki ya ci ya zare. Wasan da ya rasa fitowa guda a tsakiya ya zama gurgu. Shinshina shi, warin fumfuna ba ya ɓuya. Ɗaga shi sama ka kaɗa a hankali, in gari ya zubo daga gindin ɗinki, akwai ƙwaro a ciki.

Sai kuma na jabu. Wasannin da aka sa a manhajar jarrabawa an yi ta satar bugunsu. Alamarsu ita ce baƙaƙen sun yi kauri sun dusashe kamar hoton hoto, zanen bango ya yi duhu, layuka sun karkace, wani lokaci har inuwar gefen ainihin littafin ta fito a shafi.

In babu shekarar bugu, ko shafin ya yage, akwai hanyoyin kintata. Duba farashin da aka buga a bayan bango: in da sule da kwabo na tsohon kuɗi ne, an buga shi kafin Janairun 1973, lokacin da Nijeriya ta koma naira. Duba lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi: tsofaffin bugu na kafin shekarun 1970 ba su da ita, mai lamba goma sha uku kuwa daga wajejen 2007 ne. Hatimin makaranta shi ma shaida ne babba. Wanda ke ɗauke da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya, ko Arewa maso Yamma, ko Arewa maso Gabas, tsakanin 1967 da 1976 aka buga hatimin. Hatimin wata makarantar Funtuwa ko Daura da ke cewa Jihar Kaduna, tsakanin 1976 ne da 1987, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina. Haka Haɗeja ko Gumel a ƙarƙashin Kano, kafin 1991 ke nan. Gusau a ƙarƙashin Sakkwato, kafin 1996. Fosta ko katin gayyata mai lambar wayar salula irin 0803 ko 0802 bai girmi 2001 ba. Ka tuna dai hatimi yana nuna lokacin da littafin ya shiga makaranta ne, littafin kansa zai iya girmar hatimin.

Rubutun hannu a cikin littafin wasa ba aibi ba ne a wajena, sau da yawa ma shi ne darajarsa. Ka buɗe ka ga an ja layi ƙarƙashin duk maganar mutum ɗaya da jan biro, a gefe an rubuta "ka juya wajen 'yan kallo" ko "a jira dariya ta lafa", a shafin farko kuma an jera sunayen ɗalibai a gaban sunayen 'yan wasa da fensir. Wannan kwafin ya hau dandamali. Na fi son sa a kan sabo fil wanda ba a taɓa buɗewa ba.

Abu ɗaya da za ka guje wa: littafi ko fayil mai hatimin ɗakin karatu ko gidan rediyon da har yanzu yake aiki, ba tare da alamar an sallame shi ba. Kayan sata ne, kuma sayensa shi ke sa a ƙara kwaso wani.

Gidajen waɗanda suka yi wasan

Nan ne ainihin aikin. Yawancin wasan kwaikwayon Hausa ba a taɓa buga shi littafi ba, da yawa ma ba a rubuta shi kalma bayan kalma ba. Shugaban wasa kan zo da ƙashin labari a takarda ɗaya ko biyu, ya raba wa kowa matsayinsa, 'yan wasa su zuba maganar daga bakinsu. Haka aka yi wasanni da yawa na rediyo da talabijin a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, haka kuma ƙungiyoyin samariya da na gidan rediyo suka yi a Zinder da Maraɗi da Yamai, musamman zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché da ake gasar wasanni a bikin matasa na ƙasa. Ko Malam Aminu Kano, wasannin da ya rubuta yana matashi ba su fito a littafi ba. Saboda haka ɗan guntun takardar da ke cewa fitowa ta ɗaya a gidan mai unguwa, fitowa ta biyu a kotun alƙali, da sunayen waɗanda za su fito, ta yiwu ita kaɗai ce abin da ya rage na wasan da gari guda ya yi wa dariya.

Su wa za ka nema? Tsofaffin malaman Hausa da suka riƙe ƙungiyar wasa ta makaranta, ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin da suka yi ritaya, sakatarorin ƙungiyoyin wasa na unguwa, ma'aikatan hukumomin raya al'adu na jihohi, da waɗanda suka yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun shekarun 1970 ake fita ƙauyuka ana shirya wasa tare da manoma. Sakatare ya fi tauraro ajiya. Tauraro hotuna yake da su. Sakatare shi ke riƙe da rajistar mambobi, da rasiɗin hayar ɗakin taro, da wasiƙar neman izini, da ragowar tikitin da ba a sayar ba. Kada kuma ka manta da mai ɗaukar hoton garin da maɗaba'ar da ke buga katunan gayyata.

Kada ka faɗa gidan dattijo kai tsaye. Nemi wanda ya san shi ya yi maka iso. Zuwan farko na gaisuwa ne da hira, ka riƙe ɗan goro ko turare, ka bar maganar saye gaba ɗaya. Ka ce, "Baba, mun taso muna jin labarin wasannin da kuka yi, na zo in ji daga bakinka." In ya ga da gaske kake, shi da kansa zai ce a ɗauko masa jakar nan da ke ƙarƙashin gado. Ran da aka buɗe ta, roƙon farko shi ne izinin ɗaukar hoto, ba roƙon a ba ka takardun ba. Mutane da yawa ba za su rabu da takardunsu ba, kuma suna da gaskiya. Hoto mai kyau da bayanin mai abin ya ishe ka. In matar da ta yi wasa ce, ka je da 'yar'uwarka ko matarka, ko ka tura su, domin wasu sun bar harkar tun da suka yi aure, ba kuma kowace ce ke son a tayar da zancen a gaban surukai ba. Abin da Hajiya ta ce kada a yaɗa, kada a yaɗa.

In mai takardun ya rasu, ka yi ta'aziyya ka tafi. Ba a zancen takarda a zaman makoki. Bayan an kwana biyu ka aika wa babban ɗa ko wanda ke riƙe da gidan cewa in za a share ɗakin marigayi, don Allah kada a ƙona komai kafin ka gani. Ka tuna kayan nan sun zama na magada, har da marayu in akwai. Kada ka karɓa a hannun yaro ɗaya a ɓoye. A yi a gaban manya, a rubuta 'yar takarda: kyauta ce, aro ne, ko saye, da sa hannun shaidu.

Rubuta bayani a ranar, kada ka bari sai gobe

Hoton mutum bakwai sanye da kayan dogarai, in ba a san su wane ne ba, ba a san wasan ba, ba a san shekarar ba, hoto ne kawai. Tun kana zaune gaban mai shi ka tambaya: wane wasa ne, wa ya tsara shi, a ina aka yi, wa ke mulki a lokacin, wane ne wannan na hagu. Dattijo kan manta shekara amma ba ya manta cewa "shekarar da aka yi FESTAC ce", wato bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, ka ga 1977 ke nan, ko "ana saura kaɗan a kashe Murtala", ka san 1976 ce ko ƙarshen 1975. In ya yarda, naɗi muryarsa a waya.

Kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta ta da fensir mai laushi a bayansa, can gefe. Ban da biro, ban da maka. A rajistarka, gaban lambar, ka sa mene ne, daga wa ya fito, yaushe, nawa ka biya, da halin da yake ciki. Abin da aka gaya maka ka rubuta "in ji wane", abin da ka kintata da kanka ka rubuta cewa kintace ne. Takardun da suka zo a fayil ɗaya ka bar su tare yadda mai su ya jera su, ko da kana ganin jerin bai yi ma'ana ba. Wasiƙar da ke bayan takardar wasa ita ce sau da yawa ke faɗin shekararta.

Kafin sabon kaya ya shiga cikin tsoho

Duk abin da ka kawo, ware shi a wani kwali na mako biyu ko uku kana dubawa. Kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a waje, daga gindin ɗinki zuwa baki. Mai fumfuna ka shanya shi a inuwa inda iska ke wucewa, kada a rana, in ya bushe ka goge da abin rufe hanci a fuskarka. Mai ƙwaro kuwa, in kana da firizar da wutarta ba ta yankewa, ka sa shi a leda, ka matse iskar, ka ɗaure tam, ya yi mako guda a ciki, in ka fito da shi kada ka kwance sai ya kwana ya huce, don kada raɓa ta sauka a kan takardar. In wutar unguwarku ta je-ka-ka-dawo ce, bar wannan dabara, daskarewa da narkewa sun fi ƙwaron ɓarna.

Ƙarfen da ya yi tsatsa a takardun tafireta ka buɗe ƙafafunsa ta baya ka zare a hankali, ka naɗe takardun cikin farar takarda ninki biyu. Abubuwa uku kuma ka yi musu kallon abokan gaba: salatif, gam, da laminatin. Salatif yana rawaya ya bar tabon da ba ya fita. Laminatin kuwa, wanda mutanenmu ke ɗauka gata ne, zafi da roba ne ake manne wa takarda har abada, ba a kuma iya cire ta ba tare da an lalata ta ba. Takarda ta yage, sa ta a ambulan yadda take.

Wajen ajiya, gara ce babbar matsalarmu, sai danshin damina, sai ɓera da kyankyaso. Akwatin ƙarfe ya fi kwali, amma a ɗora shi kan benci ko bulo, a janye shi daga jikin bango, kada kuma a ajiye shi a ɗakin da kwano ke zuba zafi kai tsaye ko inda rufi ke yoyo. Jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. A watan Agusta ka riƙa buɗewa kana dubawa duk mako. Da hunturu kuma takarda kan bushe ta yi ƙarau, lokacin ne ba a son yawan juya tsofaffin shafuka. Fosta a shimfiɗe take kwana, ba a naɗe ba. Takardun da aka gurza da injin hannu, musamman masu tawada ruwan shuni, haske na cinye rubutunsu, don haka kada ka rataye na ainihi a falo. Yi kwafi ka rataya.

Kwafi, kaset, da inda kayan za su bayan kai

Wayar hannu ta isa ɗaukar hoton takardu in ka yi shi da rana kusa da taga, ba filasha, wayar tana daidai saman shafin. In sikana ce, 300 dpi ya wadatar ga rubutu, hotuna kuma 600. Sunan fayil ya zama lambar da ke rajista. Ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya a intanet, ɗaya a gida, ka kuma tura wa iyalin da suka ba ka nasu kwafin. Kaset na rediyo ko na bidiyo da ka ga farin gari a jikin zarensa, kada ka sa shi a inji don ɗokin gani. Kai shi wajen mai juya kaset da ya san aikinsa, a goge shi tukuna, a juye shi a kunnawar farko.

Mallakar kwafi ba ita ce mallakar wasan ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka kusan duk wasannin da aka ambata a sama suna da masu su. Hoton bango ko shafi ɗaya don nuna wa jama'a wani abu ne. Watsa littafi sukutum a WhatsApp cin haƙƙi ne. Wanda ba a taɓa bugawa ba kuwa, sai da yardar mai shi ko magadansa.

Tun kana da ƙarfinka ka je ka ga wuraren da ke karɓar irin wannan ajiya: Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen harsunan Nijeriya na jami'ar da ke kusa da kai. Ka ga ɗakin ajiyar da idonka, ka tambayi yadda mai bincike ke samun abin da aka ajiye, sannan ka zaɓa. Ka ba su kwafin hotunan da na rajistar tun yanzu, a ba ka takardar shaidar karɓa. Na ainihin kuma ka rubuta inda kake so a kai su, ka sa hannu gaban shaidu biyu, kwafi ɗaya a cikin akwatin, ɗaya a hannun wanda zai tsaya kan rabon gadonka.